Ranar Da Kundan Ya Bi Ta Hagu

Ku matso, ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba daga nesa na ɗauko ta ba, a bayan katangata ta faru. Wanda ya ce ƙari na yi, ya je ƙauyenmu Maltoli ya tambayi Nathu wanzami, askar na nan a jakarsa har yau.

A kwarinmu na Kalsari kowa da abin da aka san shi da shi. Diwan an san shi da shiru. Nathu an san shi da aska. Maƙwabcina Kundan, ɗan tsoho Harak, shi kuma an san shi da gashin baki da kuma bakin da ke ƙarƙashinsa. Gashin bakin nan ya miƙe hagu da dama kamar ƙahonin bauna, kullum safiya sai an murza shi da kakin zuma kafin a gaida kowa. Bakin kuwa ba ya hutawa. Kundan ne ya taɓa korar damisa da tari ɗaya. Kundan ne ya ƙetare kogi tsakiyar damina da akuya a kowace hammata. In ka nemi wanda ya gani da idonsa, sai ka tarar ya mutu, ko ya yi ƙaura.

To, kowace shekara ranar biki ana yi wa gunkin Mahadev, babban allahn da ke haikalin Maltoli, wanka da ruwan Bakin Saniya, marmaron da ke saman ƙauyenmu. Ba kai tsaye ake sauko da ruwan ba. Mai ɗauka zai cika tulu, ya zagaye kwarin gaba ɗaya ba takalmi, kogi yana hannun damansa, ya zuba tafi guda a kowane ɗaya daga haikalai huɗu na hanya, ragowar ya kawo gida kafin a kunna fitilun yamma. Tulu ba ya taɓa ƙasa. In dare ya yi, a reshe ake rataye shi. Tafiyar kwana uku ce, kuma shekara goma sha tara ke nan Diwan yana yin ta da tulunsa na tagulla.

Ana saura mako guda biki, muna zaune wurin mai shayi a ƙofar haikali, sai ga Diwan ya zo wucewa yana goge tulun nan da toka. Kundan ya murza gashin baki.

"Yaya Diwan, bana ma kwana ukun za ka yi? Mahadev na zaune da dattin shekara guda, kai kana can kana gaisawa da kowane dutse?"

Diwan ya ce, "Hanyar lafiya a bi ta da shekara."

"Ai kai da shekarar kake bin ta! Ni da ni ne, in fita da asuba, in dawo in tarar da shayina bai huce ba."

Nathu wanzami ya ajiye kofi. Shekara da shekaru yana kallon gashin bakin nan kamar yadda kura ke kallon akuyar da ke ɗaure a gidan sarki. Ya ce, "Kundan, yini guda?"

"Yini guda, har da hutun rana."

"In ba ka iya ba fa?"

"In ban iya ba, ka aske wannan." Ya kama ƙahon dama. "Da wannan." Ya kama na hagu. "A nan ƙofar haikali, gaban kowa."

Nathu bai tsaya shan sauran shayinsa ba. Ya kama hannun Kundan, ya ja shi har gindin babbar ƙararrawa, ya kira Pandit Ballabh mai kula da haikalin ya zama shaida. Kundan ya buga ƙararrawa da ƙarfi har tattabaru suka tashi, ya maimaita alkawarin. Pandit ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mahadev ya ji. Da ma ya daɗe bai yi dariya ba."

Kafin Kundan ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da tsoho Harak a tsakar gida yana zuƙar lofe. Shekarunsa tamanin da 'yan kai, kunne ya yi nauyi, ƙafa ta gaji, amma harshe na nan da kaifinsa.

"Zo nan, jarumi," in ji tsoho. "Yaushe namiji ke aske gashin baki a kwarin nan?"

"Baba, ai ba za a kai ga..."

"Yaushe, na ce?"

"In ubansa ya mutu."

"To da gashin bakinka ka yi rantsuwa ko da raina? Ina zaune ina shan lofena, ka je ka sa ni a caca wurin mai shayi?"

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Ina da dabara uku." Kundan ya tsuguna yana lissafi da yatsu. "Ta farko, Diwan na ɗaukar tagulla, nauyinta kaɗai ya kai ɗan maraƙi. Ni tulun ƙasa zan ɗauka. Ta biyu, ba zan tsaya karin kumallo ba. Ta uku kuwa, ita ce babba. Kowa ta dama yake bi, hanya cike da tsofaffi da masu goyo, ga hawan dutse tun daga farko. Ni ta hagu zan bi. Ba kowa, kuma gangara ce."

Matarsa Basanti tana tankaɗe gari a bakin murhu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maigida, hanyar da ta fita daga gida ta dawo gida, ta yaya za ta zama gangara duka?"

"Ke ba ki san hanya ba."

"Na san dai duk ciyawar da na gangara na yanko, sai na hau da ita."

Tsoho ya cire lofe daga baki. "Wato Ganesh mai kawar da cikas, allahn da ake farawa da haikalinsa, shi za ka bari ƙarshe? To zai tara maka cikas ɗin ka je ka karɓa gaba ɗaya. Kuma kai, wa ake zagayawa ta hagu in ba gawa ba? Tulun ƙasa a kafaɗa, zagaye ta hagu. Saura farin ƙyalle kawai ka zama ɗan da ke ƙona ubansa a bakin kogi."

Kundan ya yi dariya har gashin baki na rawa. "Rawaya zan sa, Baba, daga rawani har wando. Makaho ma zai san mai ziyara ne."

Ana saura kwana biyu Diwan ya cika tulunsa ya kama hanyar dama, bai yi sallama da kowa ba. Ranar biki kuma, tun zakara bai gama shawara ba, Kundan ya hau Bakin Saniya cikin rawaya kamar furen kabewa. Ba a ɗiban ruwan nan sai an yi wanka, don haka ya tuɓe, ya ninke kayansa a kan dutse, ya shiga ƙarƙashin marmaro yana rera waƙar yabo, haƙora na kaɗawa. Sanyin ruwan nan na sa mutum ya rufe ido ko bai so ba. Da ya buɗe, sai ya ga rawaninsa yana tafiya.

Birai ne. Babban cikinsu ya hau itacen al'ul da rawani, na biye da shi ya ɗauki riga, wasu ƙanana biyu suna jan wando kowa na riƙe da ƙafa guda. Kundan ya yi roƙo, ya yi zagi, ya tuna musu cewa shi da kakansu Hanuman, allah mai siffar biri, ba su taɓa samun saɓani ba. Wando ya rabu biyu, kowane biri ya tafi da rabonsa. Babban ya zauna can ƙololuwa yana warware rawani a hankali, yana kallon Kundan kamar mai duba kaya a kasuwa.

Abin da ya rage a kan dutse shi ne ƙyallen da Basanti ta ba shi don goge jiki. Fari ne fat. Kundan ya dube shi, ya dubi rana da ta fara leƙowa, ya shafa gashin baki. Komawa gida neman kaya zai ci masa awa biyu, kuma zai wuce ta ƙofar Nathu. Ya ɗaura ƙyallen a ƙugu, ya cika tulu, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta hagu.

Gangarar kam akwai ta. Ya sauko da gudu har Sunkot, inda haikalin allah Bhairav yake, kuma a ƙofar haikalin nan ne ƙanwar ubansa, Gwaggo Hiruli, take sayar da shayi da dankali mai yaji. Tana cikin juya tukunya ta ɗaga kai ta ga ɗan yayanta: ba riga, ba rawani, farin ƙyalle, tulun ƙasa, yana zuwa ta inda mutane ke fita. Ludayi ya faɗi.

"Wayyo yayana! Wayyo Harak! Yaushe? Yaushe, Kundan? Ina nan ƙasan dutse, ba wanda ya aiko mini?"

"Gwaggo, lafiyarsa lau. Jiya ma gurasa shida ya ci."

"Gurasa shida! Cin ban kwana ya yi, wayyo!"

"Gwaggo, ki saurare ni. Baba na da rai. Birai ne suka kwashe mini kaya."

Masu shan shayi suka taso suka kewaye shi. Wani dattijo ya ce, "Wa ya ce Harak na da rai?"

Aka ce, "Kundan."

"Kundan mai korar damisa da tari?"

"Shi."

Dattijo ya cire hula ya ce, "To lallai Harak ya tafi."

Kun ji fa. Shekara arba'in mutumin nan yana zuba ƙarya ana gyaɗa masa kai, ranar da ya faɗi gaskiya ba a samu mai saye ko ɗaya ba. Ya rantse da Mahadev, ya rantse da kogi, ya rantse da gashin bakinsa. Gwaggo ta share hawaye ta ce wa jama'a, "Ku bar shi, baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Tun yana yaro kan ba ƙwari gare shi ba."

Kundan ya ga rana na tafiya, ya ture su ya nufi matakalar haikali. Pandit na Sunkot, mai kula da haikalin, ya tare ƙofa da hannu biyu.

"Ina za ka? Mai makoki ba ya shiga sai ya cika kwanakinsa."

"Pandit-ji, ba makoki nake ba, ziyara nake."

"Masu ziyara ta can suke shigowa, kuma da wando."

"Tafi guda kawai zan zuba in wuce."

"Ko ɗigo. Ka matsa, inuwarka na taɓa matakala."

Akwai wani baƙin kare da ke barci a gindin katanga. Kundan ya yi tunani irin nasa: kare ai shi ne abin hawan Bhairav, wanda ya wanke doki kuwa ya gaida mai doki. Ya karkata tulu ya kwarara masa ruwan Bakin Saniya a kunne. Kare ya tashi bai tambayi dalili ba. Shi ya raka Kundan har bayan gari, kuma a nan Kundan ya gane ana iya gudu da tulu a kafaɗa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ƙyalle.

A zamanin ba waya a kwarinmu, ba ma bukatarta. Mutum zai hau bakin gona ya haɗa tafukansa a baki ya kwarara kira, na tsallaken kwari ya karɓa ya miƙa gaba. Kundan bai kai gadar igiya ba ya ji muryar Gwaggo Hiruli ta wuce ta kansa: "Harak na Maltoli ya tafiii!" Can tsallake wani ya amsa, "Ya tafiii!" Kundan ya tsaya ya cika ƙirji ya yi ihu, "Bai tafi baaa!" Sai murya ta dawo daga tsallake: "Wane ne wannaaan?" Wani ya amsa daga sama, "Kundan neee!" Sai aka ci gaba da "Ya tafiii!" har ƙarshen kwari.

Gadar igiyar nan faɗinta bai wuce na mutum ɗaya da sandarsa ba. Kundan ya kai tsakiya ke nan, tana lilo, kogi na ruri a ƙasa, sai ga Diwan daga ɗaya ɓangaren, yana tafe a hankali a ranarsa ta uku. Suka tsaya ƙirji da ƙirji.

"Yaya Diwan, ka koma baya."

Diwan ya dubi farin ƙyalle, ya dubi tulun ƙasa. Ya ce, "Mahadev ya ba shi hutu. Mutumin kirki ne."

"Bai mutu ba!"

"To."

"Na ce ka koma baya, sauri nake."

"Ruwan Mahadev ba ya komawa baya."

"Nawa ma ruwan Mahadev ne!"

"Naka tun safe baya yake tafiya. Ya saba."

Kundan ya ce to sai a goga. Ya matse ciki, ya juya gefe, ya kutsa. Tagulla da ƙasa suka gaisa, ƙwas! Diwan ya wuce abinsa bai waiwaya ba. Kundan ya isa tsallake yana murna, sai ya ji wani siririn sanyi na bin bayansa. Tulu ya huje kusa da gindi, ruwa na tsiyaya ta baya kamar zare.

Wasu mata masu ziyara da ke jiran hawa gada suka ga haka suka ɗora hannu a ka. "Har an huda masa tulun! Kun gani? Duk yadda ake yi a bakin kogi. Amma ina gawar?"

"Ba gawa!" in ji Kundan.

"Wayyo, ya manta inda ya ajiye ta."

Ya lalubi kakin zumarsa ya toshe hujin, sai ya tuna kakin na aljihun riga, riga na wurin biri. Ya toshe da yatsa. Haka ya fara hawan dutsen da ya ce babu shi, hannu a murɗe ta baya, ruwa na bin gwiwar hannu. Gumi da fesowar kogi suka narkar da kakin safe, ƙahonin nan biyu suka sunkuya suka rataya a gefen baki kamar jelar ɓera da ya faɗa randa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Dubi har gashin bakinsa na makoki."

Hanyar da ya ce ba kowa kuwa, duk jama'ar da ke bin ta dama da ita ya yi ta karo, fuska da fuska, ɗaya bayan ɗaya. Masu waƙa su yi shiru. Masu ganga su sauke. Wata tsohuwa ta tura masa dafaffiyar shinkafa a baki, ba gishiri ba mai, abincin masu makoki, ga yunwa ta ci shi, ya haɗiye yana zaginta a ciki. A haikalin Hanuman aka rufe ƙofa tun daga nesa. A kan katanga kuwa ga wani biri zaune da guntun rawaya a wuya. Kundan ya rantse nasa ne, ya nuna wa mutane yana ihu, "Ga shaidata can!" Suka ce, "Yanzu kuma da birai yake magana."

Da rana ta karkata yana tsakiyar hawan haikalin allahiya Devi, ko rabin zagaye bai yi ba. Ya waiwaya ya ga maza kusan talatin na biye da shi, kowa da guntun itace a kafaɗa, don a wurinmu ba a zuwa ƙona mutum hannu rabbana. Wani ƙaton maƙeri ya sha gabansa.

"Ɗan'uwa, ya isa haka. Babban ɗa ba ya yawon dutse gawar ubansa na kwance. Wa zai sa wuta?"

"Saura haikali biyu!"

"Ku kama shi."

Suka ɗaga shi cak, mutum huɗu, suka bi da shi ta gajeriyar hanyar masu kiwo da ke yanke kwari zuwa Maltoli. Yana harbin iska, yana zagi, amma tulu na sama, bai yarda ya taɓa ƙasa ba. Wannan kam a ba shi.

Yanzu bari in kai ku gida, don nan da idona na gani. Duk Maltoli na ƙofar haikali ana shirin biki, ga ganguna, ba wanda ya ji kiran kwari. Basanti ta hau dutse yankan ciyawa. Tsoho Harak ya ci abincin rana, ya ga gado ya yi masa zafi, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa a tsakar gida, ya ja farin mayafi ya rufa har ka saboda ƙuda. Ina kan rufin ɗakina ina shanya barkono sai na ga Gwaggo Hiruli ta shigo da mata goma sha. Suka ga mutum a ƙasa, a miƙe, a lulluɓe da fari. Kukan da ya tashi sai da kajina suka tsere. Ni kaina da na sha shayi da shi da safe, sai da na sauko ina hawaye.

Wata ta shiga ta kashe wutar murhu. Wata ta kunna fitila a wajen kansa. Maza suka fara iso, ana jibge itace a gindin katanga, wasu na ɗaure makara da gora. Tsoho da nauyin kunne yana ta barcinsa. Gwaggo ta durƙusa ta yaye mayafi.

"Dubi fuskarsa, kamar mai barci!"

Ta ɗauko ganyen tulsi mai tsarki da ake sa wa mamaci a baki, da cokalin ruwa, ta buɗe masa baki ta zuba. Tsoho ya ƙware, ya yi tari, ya tashi zaune ya tofar da ganye.

Ban taɓa sanin mata goma sha za su iya fita ta ƙofa ɗaya a lokaci guda ba. Gwaggo kaɗai ta rage. Tsoho ya dubi fitila, ya dubi makara, ya dubi tulin itace, ya dubi ƙanwarsa.

"Hiruli, shekara uku ba ki taka gidan nan ba. Wa ya mutu?"

"Kai, Yaya."

"Wa ya faɗa?"

"Kundan ya ce kana da rai."

Tsoho ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Miƙo mini sandata."

Ana gab da kunna fitilu, ƙofar haikali ta cika maƙil: 'yan biki a gefe, 'yan makoki a gefe, kowa na tambayar ɗan'uwansa me ya kawo shi. Diwan ya iso a kan lokacinsa, ya miƙa wa Pandit Ballabh tagulla cike, ya koma gefe ya zauna. Sai ga ayarin maƙeri sun sauke Kundan a tsakiyar fili. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya dubi fitilu ya ga ba a kunna ba, sai tsohon halin ya motsa.

"Jama'a ku shaida! Na fita da asuba, ga ni kafin fitila! Nathu, mayar da askarka!"

Nathu ya ce, "Haikali nawa ka zuba wa ruwa?"

"Na... wakilin Bhairav ya karɓa."

"Kare ya jiƙa," in ji wani mutumin Sunkot.

"Sauran ukun fa?"

"Sun san da zuwana."

Pandit ya leƙa cikin tulu. "Wannan ko kitso ba zai wanke wa ƙwarƙwata ba."

"Ruwan tsarki ba a yawa yake ba, Pandit-ji, a..."

Bai ƙarasa ba jama'a suka dare gida biyu. Tsoho Harak ne tafe, sanda a hannu, farin mayafi a kafaɗa, ganyen tulsi manne a haɓa, Gwaggo da Basanti na biye. 'Yan itacen da suka zo da Kundan, waɗanda ba su ji labari ba, suka watsar da kaya suka haye katanga. Kundan kansa, da ya yini yana jin mutum ɗari uku na cewa ubansa ya mutu, sai da ya zaci fatalwa ce. Ya ja da baya, hannu ya saki, tulu ya sulale ta bayan kafaɗa ya tarwatse a kan dutse.

Pandit Ballabh ya dubi gutsattsarin, ya gyara murya. "Farin ƙyalle, zagaye ta hagu, an huda tulu, an fasa shi ta baya. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗan da ya cika al'ada daki-daki haka ba. Mamacin ne kawai ya ƙi ba da haɗin kai."

"Baba," in ji Kundan, "ni kaɗai na yi ta cewa kana da rai."

"Shi ya sa aka ɗaure mini makara," in ji tsoho.

Nathu ya riga ya shimfiɗa buhu, yana wasa aska a tafin hannu. "Pandit-ji, alkawari ne, an buga ƙararrawa."

Gwaggo Hiruli ta yi tsalle ta shiga tsakani. "Ba za a aske ba! In aka gan shi ba gashin baki, gobe ma wasu za su zo da itace. Sau nawa za a kashe mini yaya?"

Aka rabu biyu. Masu cewa alkawarin Mahadev ba a tashinsa, masu cewa ba a aske ɗa uba na numfashi. Pandit ya ce shi littafinsa bai zo da irin wannan ba. Kundan ya ga ƙofa ta buɗe, ya fara murza jiƙaƙƙen gashin baki yana cewa shi a shirye yake, amma darajar Baba ce ta hana.

Tsoho ya buga sanda a ƙasa sau uku.

"Nathu."

"Na'am, Kawu."

"Yau rabin kwarin nan sun ce na mutu, rabi sun ce ina nan. Kunne ɗaya ya tafi, ƙafa ɗaya ba ta aiki. In an bi gaskiya rabina ya riga ya wuce. Aske rabi."

"Wane ɓangare, Kawu?"

"Ta ina ya bi?"

Fili gaba ɗaya ya amsa, "Ta hagu!"

Shafa biyu Nathu ya yi. Ƙahon hagu ya faɗo a kan buhu, aka buga ƙararrawa, aka kunna fitilu, aka yi wa Mahadev wanka da ruwan Diwan. Kundan ya tashi yana rufe baki da hannu, ya raɗa wa Nathu ya ƙarasa ɗayan ko don a daidaita. Tsoho mai nauyin kunne ya ji wannan sarai.

"Ka taɓa na daman nan, ka kashe ni gaba ɗaya. Haka za ka yi yawo har ɗan'uwansa ya kamo shi." Ya juya ga 'yan makokin da ke saukowa daga katanga suna laluben kayansu. "Ku kuma itacen nan ku kai gidana ku haɗa da na can. Ni aka kawo wa, kuma sanyi na tafe."

Hunturun nan gidan Harak ne ya fi kowane gida ɗumi a Maltoli. Kundan ya yi kwana tara bai fito ba. Ran na goma sai ga shi wurin mai shayi yana murza ƙaho guda, yana ba wani baƙo labarin yadda damisa ta kai masa wafta a hawan Devi, gashin baki kawai ta samu. Baƙo ya juya ya tambayi Diwan ko gaskiya ne.

Diwan ya kurɓi shayi ya ce, "Rabi."

Ta ƙare a nan, ƙurungus kan birin da ya tafi da rawani.